Kafin a Ɗaura wa Duƙushi Sirdi

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan da kuke gani a turke a bidiyon nan duƙushi ne, wato matashin doki, a wata barga da ke nan cikin garin Kaduna. Ya yi tsawo, ƙirji ya buɗe, gashi sai sheƙi yake. Wanda bai san doki ba zai ce ya isa hawa. To, mu buɗe bakinsa tukuna.

Ga yaron doki ya ɗaga masa leɓe. Haƙoran gaba na tsakiya, biyu a sama biyu a ƙasa, sun faɗi, manya suna fitowa. Doki yana famfarar waɗannan ne a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi, sai ya cika baki a shekara 5. Don haka ko me dillali ya faɗa a kasuwa, wannan dokin bai kai shekara 3 ba.

Me ya sa shekarun suka dame mu? Saboda ƙashi. Ƙashin doki daga ƙasa yake ƙosawa ya yi sama. Na gwiwa yakan haɗe wajen shekara 2, amma ƙashin baya, inda sirdi yake zama, shi ne na ƙarshe, sai doki ya kai 5 zuwa 6. Mutane sukan ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yarda da wannan a kan hali ɗari bisa ɗari: tun yana bin uwarsa ya kamata ya saba da hannun mutum. Amma bayan da aka tanƙwara yana ɗanye, a tanƙware zai zauna. Ana fara hawa kaɗan-kaɗan wajen shekara 3, da mahayi marar nauyi, sukuwa da zamiya kuwa a jira su. Ko dokin da ya ƙosa, ƙa'idar da masana ke bayarwa ita ce mahayi da sirdi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa. Doki mai kilo 300 ke nan kilo 60 ne rabonsa, kuma kun san sirdinmu na gargajiya da jalala da kayan ado ba su da sauƙi.

Kafin lokacin hawa ya zo, aiki yana nan jingim a ƙasa. A nan nake so ku zuba ido sosai, don duk horon doki a kan abin da za ku gani yanzu ya tsaya.

Mai horo ya ja igiyar ragama a hankali. Bai fizga ba, bai kuma ƙara ƙarfi ba, ya riƙe kawai. Duƙushin ya turje, ya ɗaga kai, wuya ya sandare. Mai horo yana nan riƙe. Ga shi nan, ƙafar gaba ta matso taku ɗaya. Ku dubi hannun: nan take ya saki, igiya ta yi laushi. Wannan sakin shi ne karatun. Doki bai san abin da kake so ba, abin da ya sani shi ne wani abu yana matsa masa, sai ya gwada wannan ya gwada wancan, abin da ya yi matsin ya ɗauke shi zai riƙe. In ka saki lokacin da yake fizge kai, fizge kai ka koya masa. In ya matso amma ka ci gaba da ja, ka nuna masa biyayya ba ta da amfani, gobe ba zai yi ba. Tsakanin takunsa da sakinka kada ya wuce ƙiftawar ido. Yawancin dawakin da ake kira masu taurin kai, wallahi hannun da bai san saki ba ne ya mai da su haka, kuma abin yana ba ni takaici, don dokin ne ke shan bulalar.

Da wannan hanyar ake koya masa komai: ya tsaya, ya ja da baya, ya matsar da ƙugu, ya ba da kofato a duba. Minti 15 zuwa 20 ya isa, da sassafe ko bayan la'asar, musamman a zafin Maris da Afrilu. In kuka ga ya sauke kai, yana lasar leɓe yana 'yar tauna, jikinsa ya saki, to nan ne wurin tsayawa. A mai da shi turke, a zuba masa harawa.

Idon doki a gefen kai yake. Yana ganin kusan duk kewayensa, sai wuri biyu: dab da goshinsa, da daidai bayan wutsiya. Kada a zo masa ta nan ba magana. Kuma abin da ya saba da shi ta hagu, in ya ɓullo ta dama yakan zame masa baƙo, shi ya sa duk abin da aka yi a gefe ɗaya sai an maimaita a ɗayan. A goga masa tsumma a wuya da ciki da cinya. A kaɗa leda. A buɗe laima. A sa babbar riga a yi ta ɗaga hannu a kusa da shi, don ita ce za ta riƙa kaɗawa a bayansa nan gaba. In ya tsorata kada a janye abin, a rage dai, sai ya tsaya cak sannan a ɗauke.

Daga nan sai zagaye da doguwar igiya, ya koyi tafiya da sassarfa da tsayawa da murya. A faɗaɗa da'irar, kada kuma a daɗe, don ƙasar rani ta yi tauri, gaɓoɓinsa kuwa ba su yi ƙwari ba.

Sirdi ba shi ne abin tsoro ba, majayi ne, wato abin da ake ɗaure sirdi da shi ta ƙarƙashin ciki. Doki bai taɓa jin wani abu ya zagaye masa ciki ya matse ba. Ana farawa da bargo kawai, kwana da kwanaki. Ranar sirdi, a bari ya sansana, a ɗora a sauke, a ɗora a sauke. Sai a ja majayi daidai yadda sirdin ba zai zame ba, a ja dokin ya yi 'yan taku, a ƙara ɗamewa kaɗan, a sake tafiya. Wani zai yi tutsu, a bar shi ya yi a cikin shinge, zai gane abin ba ya cizo. Abin gudu shi ne sirdi ya juye ya koma ƙarƙashin ciki, wannan firgicin yakan daɗe bai bar doki ba. Bayan an sauke, a duba gumi. In bayan ya jiƙe amma ga wani wuri a bushe kamar tafin hannu, nan sirdin yake dannewa. Nan ne gobe gyambo zai fito, in ya warke farin gashi ya tsiro a gurbin.

Sai linzami. Linzaminmu na gargajiya, mai dogon harshe da zobe, an ƙera shi ne don dokin da ya gama horo da mahayin da hannunsa ya goge, taɓawa kaɗan ta isa. A bakin duƙushi kuwa yanka yake yi. Doki ya yi ta wurga kai, kumfa ta fito da ja-ja, ya miƙe da ƙafa biyu, 'yan kallo su yi ta shewa ana cewa yana taƙama, alhali neman inda zai tsere wa zafi yake. A fara da ragama, a ɗaura kamazuru, wato igiyar da mahayi ke riƙewa, gefe da gefe. Bayan ya iya juyawa da tsayawa, a sa linzami mai santsi marar harshe. Kafin nan likitan dabbobi ya leƙa bakin, don wasu dawakin suna da wani ɗan ƙaramin haƙori a gaban turame wanda ƙarfe ke bugawa, kuma a wannan shekarun turamen ma famfara suke. Akwai likitoci a Kaduna, ga kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Ranar hawan farko mutum biyu ake so, ɗaya riƙe da ragama, ɗaya mai hawa, da hular kwano a kansa, ba ƙaimi ba bulala. Ya fara kwantar da cikinsa a kan sirdi ya sauka, ta hagu da ta dama. In dokin bai damu ba, ya ɗora ƙafa a hankali, ya zauna a sunkuye, sannan ya miƙe sannu-sannu, domin ganin mutum a samansa sabon abu ne gare shi. Taku biyar, taku goma, a sauka. Shi ke nan na ranar. In an fara fita kilisa, a haɗa shi da tsohon doki mai sanyin hali, zai bi shi ya wuce babur da Keke Napep da kwalbati ba gardama.

Kaduna garin doki ne. Kulob ɗin folo na nan tun 1918 yake, a nan ake buga Kofin Georgian, ga kuma filin folo na Fifth Chukker a Kangimi. A garin nan aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, aka sake yin wani gagarumi a 1977 lokacin bikin al'adun Afirka na FESTAC. Dokin folo da kuke gani yana tsayawa cak daga sukuwa ya juya da hannu ɗaya, wata da watanni aka yi ana kaɗa sanda a gefen fuskarsa yana tafiya kawai. Dokin Hawan Daushe a Zazzau da ke ratsa kakaki da tambari da 'yan bindiga kunnensa ko motsi, shi ma daga nesa aka fara jiyar da shi ƙarar, yana cin dusarsa, ana matsowa kaɗan-kaɗan.

Wata rana dokin da ya karɓi sirdi lafiya zai iya canzawa, ya kwantar da kunne in ya ga majayi, ko ya ƙi tsayawa a hau. Kafin a ce ya yi taurin kai, a bi bayansa da yatsu ana dannawa a ga ko zai lanƙwashe, a duba hammata inda majayi ke gogawa, a duba gefen baki da dasashi, a taɓa kofato ko ya yi zafi. In an sami ciwo, a ajiye sirdi har ya warke sarai, a koma aikin ƙasa. In ba a samu ba, a koma matakin da ya iya a baya a sake tahowa. A bidiyo na gaba za mu duba gyaran kofato da abincin duƙushi a lokacin damina. Sai mun haɗu.