Sabon Shugaba a Mille Lacs da Abin da Ya Tarar a Gabansa

Assalamu alaikum masu kallo, barkanku da wannan lokaci. Ruwan da kuke gani a bayana shi ne tafkin Mille Lacs da ke tsakiyar jihar Minnesota a arewacin Amurka, ƙasar da nake tsaye a kanta kuwa ta mutanen Ojibwe ce, waɗanda suka riga Turawa zama a wannan nahiya. Yarjejeniyar da suka ƙulla da gwamnatin Amurka a 1855 ce ta ware musu wannan yanki mai faɗin eka kusan 61,000, kuma har gobe suna da gwamnatinsu da kotunsu da 'yan sandansu da makarantunsu.

Bahaushe idan ya ji an ce shugaban ƙabila, sarki zai kawo a ransa, mai gadon sarauta da fadawa da dogarai. A nan kuwa ƙuri'a ake jefawa, wa'adin mulki kuma shekara huɗu ne. A watan Yunin 2024 aka zaɓi Virgil Wind shugaban zartarwa, aka rantsar da shi a watan Yuli, ya gaji Melanie Benjamin, wadda ta fara hawa kujerar a 2000 ta kuma riƙe ta kimanin shekara 20 a jimlace. Wind ba baƙo ba ne a harkar, domin kafin nan shi ne wakilin gunduma ta ɗaya a majalisar dokokinsu. Tun farkon shekarun 1980, zamanin Arthur Gahbow, suka raba iko gida uku, wato zartarwa da majalisa da shari'a, saboda haka kwamishinonin da shugaba ya zaɓo sai majalisa ta amince da su, kasafin kuɗi ma sai ya bi ta hannunta.

Mafi yawan kuɗin da ake kasaftawa daga gidajen caca biyu yake fitowa, ɗaya a nan bakin tafkin da aka buɗe a 1991, ɗayan a Hinckley da aka buɗe a 1992. Na san da yawa daga cikinku za su yamutsa fuska, ni ma ban zo tallata caca ba, amma da wannan kuɗi aka gina asibitoci da gidaje da makarantu a wurin da talauci ya daɗe yana cin mutane, kuma duk wanda ya hau kujerar dole ya yi tunanin wata hanyar samun kuɗi kafin wannan rijiya ta ja baya.

Batun da ya fi zafi a yanzu shi ne na ruwa. A kusa da garin Tamarack, daf da gundumarsu ta biyu, kamfanin Talon Metals yana neman izinin haƙar ma'adinin nikel, wanda ake buƙata wajen haɗa batirin motoci masu aiki da lantarki, har ya ƙulla yarjejeniyar sayarwa da Tesla, kamfanin ƙera irin waɗannan motoci, a 2022. Mutanen Mille Lacs suna fargabar gurɓacewar ruwan da shinkafar daji take fitowa a cikinsa, wadda suke kira manoomin. A ƙarshen watan Agusta zuwa Satumba mutum biyu kan shiga kwalekwale, ɗaya yana tura shi da gora, ɗayan yana karkato zangarniya da sanda yana kaɗe ƙwayar a cikin jirgin, kuma wannan shinkafa abinci ce a wurinsu, ibada ce kuma. Suna da hujja ta shari'a a hannu, domin a 1999 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta tabbatar musu da haƙƙin farauta da kamun kifi da tsintar amfanin daji da wata yarjejeniya ta 1837 da gwamnatin Amurka ta ba su. Haƙƙin girbin shinkafa ba shi da amfani idan ruwan ya lalace, shi ya sa tun kafin zuwan Wind suka fara gangamin cewa ruwa ya fi nikel daraja.

A ganina, duk da haka, akwai abin da ya fi wannan nauyi, wato tambayar wane ne ɗan ƙabila. Mille Lacs ɗaya ce daga cikin rassa shida da suka haɗu a ƙarƙashin kundin tsarin mulki guda na ƙabilar Chippewa (wani sunan Ojibwe) ta Minnesota, tare da White Earth da Leech Lake da Fond du Lac da Bois Forte da Grand Portage. Tun farkon shekarun 1960 ƙa'idar ita ce ba a yi wa yaro rajista sai kashi ɗaya cikin huɗu na jininsa ya kasance na ƙabilar. Da yake ana auratayya da waɗanda ba 'yan ƙabilar ba, sai ka tarar da kaka mai rajista, ta goyi jikanta, ta koya masa harshe da al'ada, amma a takarda shi bare ne, ba zai jefa ƙuri'a ba balle ya tsaya takara. Idan aka ci gaba a haka, yawan masu rajista raguwa zai riƙa yi daga tsara zuwa tsara.

A ƙuri'ar jin ra'ayi ta 2022 kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda suka amsa sun ce a soke wannan ƙa'ida, sai dai ƙuri'ar shawara ce kawai, ba ta sauya doka ba. Masu adawa da sokewar ma suna da abin faɗa, tunda ƙarin mutane yana nufin raba gidaje da tallafi da kuɗin shiga tsakanin hannaye masu yawa. Wind ba zai iya yanke wannan hukunci shi kaɗai ba: kwamitin zartarwa na rassan shida yana da kujeru 12, biyu kacal ne na Mille Lacs, kuma gyaran kundin sai an yi masa zaɓe na musamman a ƙarƙashin kulawar ma'aikatar harkokin cikin gida ta Amurka.