Jemage a Duniyar Bokaye da Matsafa: Wane Aiki Ya Dace da Shi?

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da warhaka. Daga birnin Katsina muke zuwa muku, kuma yau zancen jemage za mu yi.

Duk mai karanta littattafan yaƙi, ko mai sauraronsu a waya, ya san wannan gaɓa. Jarumi ya yi tafiyar kwana arba'in, ya iso bakin kogon hatsabibin boka. Yana sa ƙafa sai jemagu su taso fuu, su bi ta kansa su fice. Shi ke nan, aikinsu ya ƙare, an ɗauko su ne kawai don gaban mai karatu ya faɗi. Abin nan yana damuna, domin cikin halittun da marubuci zai iya bai wa boka, da wuya a sami wadda Allah ya yi wa baiwa kamar wannan, amma ita aka mayar kayan adon kogo. Kuma a sani, ƙagaggen labari muke magana a kai. Tsafi na gaske kowa ya san hukuncinsa a addini.

Wannan baƙin jini na jemage, wani ɓangarensa daga Turai ya zo mana. A wasan Macbeth da Shakespeare ya rubuta wajen 1606, mayu uku suna zuba gashin jemage cikin tukunyar tsafinsu. A 1897 Bram Stoker ya fitar da littafin Dracula, inda mai shan jinin mutane yake rikiɗa ya koma jemage, daga nan finafinai suka ɗauka suka yaɗa wa duniya. Alhali jemagu sun haura nau'i 1,400, masu shan jini a cikinsu uku ne kacal, kuma dukkansu a Meziko da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu suke. Babu ko ɗaya a Afirka. A ƙasar Sin ma hoton jemagu biyar alamar albarka ce. Mu kuma da muke sauraron Jalalaini da azumi, a nan aka ce tsuntsun da Annabi Isa, alaihis salam, ya siffanta da laka, ya tashi da izinin Allah, jemage ne. Wannan mu'ujiza ce, ba ta haɗa hanya da sihiri ba, na kawo ta ne don a ga malamanmu ba da idon ƙyama kaɗai suka kalli halittar nan ba.

To wane aiki za a ba shi a labari? Wanda ya fi kusa shi ne leƙen asiri. Sai dai marubuci ya fara sanin wane jemage yake nufi, don iri biyu muke gani a gari. Akwai ƙananan da ke fitowa daga rufin ɗaki da magariba suna farautar ƙwari. Su waɗannan sauti suke fitarwa mai tsananin siranta, wanda kunnen mutum ba ya kamawa. Sautin ya bugi abu ya dawo, daga amsa-kuwwar sai jemagen ya gane nisan abin, girmansa, da inda ya nufa. In ya kusa cafke ƙwaro, yana iya sakin sautin har sau 200 a daƙiƙa ɗaya. Wani masani ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, tun a shekarun 1790 ya lura jemage yana shawagi lafiya ko da ba ya gani. Sai wajen 1940 Donald Griffin da Robert Galambos suka tabbatar a Amurka cewa da sauti yake yi.

Ku duba abin da wannan zai yi wa labari. Jarumi ya sha layar zana, dakarun sarki sun wuce ta gabansa ba su gan shi ba. Amma layar, idon mutane kawai ta rufe, jikinsa yana nan, sauti zai buge shi ya dawo. Ashe jemagen boka ne kaɗai zai tona shi. Kuma ga maganin abin a cikin halitta: akwai wasu ƙwarin dare, dangin malam-buɗe-littafi, da ke yin ƙara ƙas-ƙas su rikita jin jemage har ya kuskure su. Jarumin da ya san wannan, ya tara su a gora ya sake su a bakin kogo, ya fi mini wanda ya zare takobi ya kashe dubu da sara ɗaya.

Sai manyan, masu fuska irin ta kare, da ke rataye a kan mangwaro da bedi. Su yawancinsu da ido da hanci suke aiki, ganinsu ras, don haka maganar jemage makaho ne ba ta da tushe. Matafiya ne na gaske. A gandun Kasanka na ƙasar Zambiya, miliyoyinsu ke taruwa daga Oktoba zuwa Disamba kowace shekara. In boka na neman ɗan aike mai ratsa ƙasashe cikin dare, ga shi nan. Su ne kuma ake cewa da baki suke kashi. A'a. Ku leƙa gindin bishiyar da suka kwana suna ci da sassafe, za ku ga ƴan dunƙulen tuƙa a warwatse. Taunawa suke, su tsotse ruwan, su tofar da sauran.

Amma inda na fi so marubutanmu su tsaya shi ne gindin kuka. Tun muna yara ake ce mana kuka gidan aljanu ce, kada a je wurinta da dare, ana jin motsi a samanta. Motsi kam akwai shi. Furen kuka fari ne, babba, yana reto a kan doguwar igiya, kuma da almuru yake buɗewa, kafin a yi kwana ɗaya ya fara yaushi. Warinsa ba ya yi wa mutum daɗi, amma jemage yana jiyo shi daga nesa. Ya zo ya maƙale, ya sha zaƙin, garin furen ya manne a gashinsa, ya kai wa wata kukar. Ta haka take yin ƴaƴa. Ɗorawa ma haka, jan furen nan nata mai kama da tuntun hula da dare yake zubo zaƙi, jemagu ne manyan baƙinsa. Rimi ma haka. Wato kalwar da ake daddawa da ita, da garin ƴaƴan kukar da ake zubawa a nono, duk da hannun jemage a ciki.

Yanzu a ɗauki wannan a sa a labari. Wani matsafi ya karanta ɗalasimansa, ya janye duk jemagun wata masarauta ya mayar da su rundunarsa. Mutanen gari har murna suke, an raba su da ƙazanta. Shekara ta zagayo, ɗorawa ta yi fure amma ƴaƴan ƙalilan. Kuka ta zubar da fure a banza. Ƙwari suka yi wa hatsi rubdugu. Sarki ya tara bokayensa, kowa na buga ƙasa yana neman wanda ya yi wa gari asiri, ba wanda ya ɗaga kai ya ga sararin magariba fayau. Wadda za ta gano bakin zaren, a ganina, tsohuwa ce mai sayar da daddawa, don ita ta fara jin tsadar kalwa. Daga nan tafiyar jarumi ta sami dalili, zai je ne ya kwance jemagun, bayan da can shi ma jifansu yake yi.

In kuma ana son boka ya shaƙu da jemagensa, halitta ta ba da dama. An taɓa samun wani ɗan ƙaramin jemage a Sibiriya, nauyinsa bai kai giram 10 ba, ya rayu shekara 41. Zai iya ganin tashin sarki da faɗuwarsa. Jijiyoyin ƙafarsa kuwa nauyin jikinsa ne ke ɗaure su, shi ya sa yake barci a rataye ba gajiya, wani ma har ya mutu bai saki reshe ba.

Yawancin jemagu ɗa ɗaya suke haifa a shekara, su shayar da shi nono, don haka uwar da yaro ya harbo da danƙo da ɗanta take tafiya. A hana yara harbinsu, a kuma hana su ɗaukar wanda ya faɗo ƙasa, domin wasu na ɗauke da cututtuka, har da dangin ciwon haukan kare. Wanda jemage ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu sosai, a garzaya da shi asibiti a ranar.