Ginin KICC na Nairobi: Ofisoshi a Sama, Taron Duniya a Ƙasa

Masu kallo, wannan dogon gini mai launin jar ƙasa da kuke gani a tsakiyar birnin Nairobi shi ne Cibiyar Taron Ƙasa da Ƙasa ta Kenyatta, wadda aka fi sani da KICC. Tsayinsa mita 105 ne, kuma Karl Henrik Nøstvik ɗan ƙasar Norway da David Mutiso ɗan Kenya ne suka tsara shi. An buɗe shi a watan Satumba na 1973, lokacin da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka yi taronsu na shekara-shekara a cikinsa, karo na farko ke nan da taron ya zo nahiyar Afirka.

Abin lura a nan shi ne yadda aka haɗa ayyuka biyu da ba sa jituwa. Ofis yana bukatar ƙananan ɗakuna, kowanne da tagarsa, hawa bisa hawa, alhali zauren taro yana bukatar fili mai faɗi inda babu ginshiƙin da zai tare wa na baya ganin mai jawabi, kuma dubban mutane su iya fita a lokaci guda ba tare da jiran lif ba. Saboda haka aka cusa ofisoshi a cikin hasumiyar, aka shimfiɗa manyan zauruka a ƙasa. Ku dubi wancan ginin na gefe mai rufi kamar na bukka: zauren taro ne mai kujeru hawa-hawa, kuma a ganina ya fi hasumiyar kanta ƙayatarwa. A can ƙololuwar hasumiyar kuwa akwai filin saukar jirgi mai saukar ungulu, inda masu yawon buɗe ido ke hawa su hangi birnin.

A nan aka yi taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan mata a 1985, da na ministocin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2015.

Sai dai ginin bai tsira daga siyasa ba. Jam'iyyar KANU mai mulkin Kenya a wancan lokaci ta mayar da shi hedkwatarta, ta riƙe shi tamkar kayanta har zuwa 2003, lokacin da gwamnatin Mwai Kibaki ta ƙwace shi ta mayar hannun hukuma. Sabbin takardun kuɗin shilin da Kenya ta fitar a 2019 duka suna ɗauke da hotonsa.