Me ya sa mai son allura ke gudun rigakafi?

Kun taɓa lura da wannan? Mutum ya kwana da zazzaɓi, da safe ya nufi kemis. Aka miƙo masa ƙwayoyi ya ce a'a, shi allura yake so, ita ce ke ratsa jiki da wuri. Bayan wata guda ma'aikatan lafiya suka shigo unguwa da allurar rigakafi kyauta, sai ga shi yana cewa, "Ni lafiyata ƙalau, me za a zuba mini a jiki?"

Da yawanmu za mu ce jahilci ne. To, masana halayyar ɗan Adam sun bi diddigin abin, kuma ba haka suka tarar ba. A 2018, Matthew Hornsey na Jami'ar Queensland da ke Ostireliya, shi da abokan aikinsa, sun tambayi mutum fiye da 5,000 a ƙasashe 24. Zurfin karatu bai taka wata rawar a zo a gani ba. Abin da ya fi raba mai yarda da mai ƙi shi ne halinsa. Kan gaba akwai saurin zargin cewa ana ƙulla wata maƙarƙashiya a ɓoye, sai ƙin a yi wa mutum dole, sai ƙyamar jini da allura.

Bari mu tsaya a kan zargin nan, domin mu a Arewa mun san shi ciki da bai. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan, gwajin da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Trovan ba rigakafi ba ne, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Shi ya sa a 2003, da aka baza cewa an sa maganin hana haihuwa a ɗigon shan inna, maganar ta sami wurin zama. Kano ta dakatar da rigakafin, ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, da maganin da aka kawo daga Indunisiya. Jita-jitar ƙarya ce, kuma yara ne suka biya kuɗinta: cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20, har Yaman da ita kanta Indunisiyar. Amma tambayar da magidanta suka riƙa yi a ƙofar gida tana da nauyi. "Yarona na zazzaɓi na je asibiti an ce in sayo magani, amma wannan kuke biyo ni da shi har gida kyauta. Don me?" A ganina, duk wanda bai amsa wannan tambayar ba bai fara wayar da kan kowa ba.

Akwai kuma wanda ba ya zargin kowa, shi dai ba ya son umarni. Da an ce masa ga shi nan in yana so, wataƙila da kansa zai je. Da zarar an ce dole ne, sai ya kafe. An ga irin haka lokacin korona, musamman da gwamnatin tarayya ta ce daga ranar 1 ga Disamban 2021 ma'aikatanta su nuna shaidar rigakafi ko ta gwaji kafin su shiga ofis. Dole tana cika layi, amma takan bar wasu da haushin da za su riƙe har zuwa rigakafi na gaba.

Ga wani hali da ya fi waɗannan ɓuya, kuma kusan kowa yana da ɗan rabonsa. Tun a 1990 masana halayyar ɗan Adam Ilana Ritov da Jonathan Baron suka nuna cewa mutane sun fi jin zafin cutarwar da ta biyo ta hannunsu a kan wadda ta zo don sun ƙi yin komai, ko da ta biyun ta fi muni. Ku dubi uwar da ta kai jaririnta aka yi masa allura, da dare jikinsa ya yi zafi, cinyar ta kumbura, yana ta tsala kuka. Tana rungume da shi tana cewa a ranta, ni na kai shi. In kuwa ƙyanda ce ta kama shi, sai a ce kowa da ƙaddararsa. Zazzaɓin allura kwana ɗaya ne ko biyu, ƙyanda kuwa tana makantarwa, tana kisa. Uwar nan ƙauna ce ke hana ta komawa, don haka tun kafin a yi allurar ya kamata a gaya mata abin da za ta gani da daren, da abin da za ta yi.

Tsoron allurar kansa ma ba wasa ba ne, kuma manya sun fi ɓoye shi. Wani binciken Jami'ar Oxford a 2021 ya ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin goma na masu jan ƙafa a kan rigakafin korona a Birtaniya, wannan tsoron ne silarsu. Ƙato da gemunsa zai kawo maka hujja goma kafin ya ce maka tsinin yake tsoro.

Sai sakaci. Kakanninmu da suka ga agana tana cin fuskar mutane ba su buƙaci dogon bayani ba kafin su miƙa hannu a yi musu lamba. An kawar da agana daga duniya a 1980, jikokinsu ba su taɓa ganinta ba, kuma abin da ido bai gani ba zuciya ba ta cika tsoronsa.

Da aka fahimci haka a Arewa, salon aikin ya sauya. Sarkin Musulmi da sarakuna suka shigo, dagatai da masu unguwanni suka riƙa raka masu ɗigo. Aka ɗauki matan unguwa da aka san iyayensu, aka kafa sansanonin da ake ba da maganin zazzaɓi da na gudawa tare da rigakafin. Waɗanda shan inna ta nakasa suka hau kekunansu suna bi gida-gida, maigida ya fito da shirin musu ya tarar da wanda cutar ta taɓa yana yi masa sallama. A Najeriya an ga mai ɗauke da shan inna ta asali na ƙarshe a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.