Tehrangeles: Idan Ɗan Iran Ya Ce Maka Shi Bafarishe Ne, Tambaye Shi Garinsu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau ina tsaye ne a mahaɗar titin Westwood da titin Wilkins, a birnin Los Angeles na Amurka. Bari in ɗaga kyamarar ku ga allon da ke jikin falwayar nan. An rubuta "Persian Square", wato dandalin Farisawa. Majalisar birnin ce ta raɗa wa wurin wannan suna a 2010, amma tun kafin nan mutanen da kansu suke kiran unguwar Tehrangeles, sun haɗa Tehran da Los Angeles. Duk faɗin Amurka babu inda Iraniyawa suka taru kamar yankin wannan birni.

Ku dubi rubutun da ke saman shagunan. Wanda ya yi karatun allo zai iya haɗa baƙin, amma ba zai tsinci ma'ana ba, domin Farisanci ne. Sun ɗauki haruffan Larabci 28, suka ƙara huɗu don sautukan da Larabci ba shi da su, suka zama 32. Sai kuma ku lura da abu guda: gidan abinci, shagon dardumai, shagon littattafai, akasari "Persian" za ka gani. Kalmar "Iranian" sai ka nema. Wannan bambancin shi ya fito da ni yau.

Mutanen ƙasar tun fil azal Iran suke kiranta. Girkawan dā ne suka ɗauki sunan yanki guda, Pars ko Fars, lardin da Shiraz take a yau, suka lulluɓa wa ƙasar baki ɗaya, Turawa suka gada. Mu ma ta can muka samo namu, shi ya sa muke cewa Tekun Fasha. A 1935 Reza Shah ya nemi ƙasashen waje su riƙa cewa Iran a takardun hukuma, a 1959 ɗansa ya ce duk wanda aka yi amfani da shi daidai ne. To amma abin da ya sa sunan Farisa ya kama ƙasa a wannan titi ba tarihin dā ba ne. Ranar 4 ga Nuwamba 1979 ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran, aka tsare Amurkawa 52 har kwana 444. A shekarar karatun nan akwai ɗaliban Iran sama da 50,000 a jami'o'in Amurka, babu ƙasar da ta kai su yawa. Gwamnatin shugaban Amurka na lokacin, Jimmy Carter, ta umarce su su je su gabatar da kansu ga hukumar shige da fice. Kullum da daddare talabijin na ƙirga kwanakin tsarewar. A irin wannan yanayi, mai shago ya gane cewa idan ya ce "Iranian", Ba'amurke zai tuna tutar da ake ƙonawa, idan ya ce "Persian", zai tuna darduma da kyanwa mai gashi. Sunan ya zama laima, har yau kuma ba a naɗe ta ba.

Matsalar laimar ita ce ba ta rufe kowa. Iran tana da larduna 31 da mutane kimanin miliyan 90. Ƙidayar ƙasar ba ta tambayar ƙabila, saboda haka duk alkaluman da za ka ji hasashe ne, amma wanda aka fi yawan kawowa shi ne Farisawa wajen kashi 60 cikin 100, Turkawan Azeri wajen 16, Kurdawa wajen 10, sai Lurawa, Balucawa, Larabawa, Turkmen da sauransu. Ku zo mu leƙa takardar abincin da aka manna a ƙofar nan, ita kanta taswira ce. Wannan ƙaton curin naman, kufte, na Tabriz ne, garin Azeri. Wannan gasasshen gautan da aka dama da tafarnuwa da ƙwai, mirza gasemi, na Gilan ne a bakin Tekun Kasbiya, inda suke da harshensu na Gilaki. Miyar kifi mai tsamiya da yaji, galiye mahi, ta mutanen kudu ce, wajen Bushehr da Khuzestan. Duka an jera su ƙarƙashin suna ɗaya, kuma da yawa cikin masu su ba Farisanci suke yi da iyayensu a gida ba.

Bari in daɗe kaɗan a kan Azeri, don a nan baƙo ya fi yin kuskure. Da ka ji an ce "ƙananan ƙabilu" sai ka zaci mutane ne da aka tura gefe. Ba haka abin yake ba. Shah Isma'il da ya kafa daular Safawiyya a 1501 ya kuma mai da Shi'anci mazhabar ƙasa, a Tabriz ya hau gadon mulki, kuma da Turkanci yake waƙoƙinsa. Sarakunan Kajar da suka mai da Tehran babban birni, su ma Turkawa ne. Mahaifin Ali Khamenei ɗan Azeri ne. Masoud Pezeshkian da aka zaɓa shugaban ƙasa a 2024, a Mahabad aka haife shi, yana jin Azeri yana jin Kurdanci. Babbar kasuwar Tehran cike take da 'yan kasuwar Azeri. Saboda haka mutumin Tabriz ba ya ganin kansa ɗan haya a Iran, yana ganin kakanninsa na cikin waɗanda suka gina gidan. Ƙorafinsa a kan harshe yake.

Ga yadda abin ke aiki. Sashe na 15 na tsarin mulkin ƙasar ya ce Farisanci ne harshen hukuma, da shi za a rubuta takardun gwamnati da littattafan makaranta. Ya halatta a yi amfani da harsunan yankuna a jaridu da rediyo, a kuma koyar da adabinsu a makaranta kusa da Farisanci. A aikace, yaron ƙauyen Ardabil ko Sanandaj ko Zahedan yana shiga aji ɗaya ne da harshen da bai girma da shi ba, sai ya koyi harshen da karatun a lokaci guda, yayin da ɗan Tehran karatun kawai ke gabansa. Me ya sa gwamnatoci, na Shah da na malamai, suke ɗari-ɗari da wannan batu? Ku koma 1945 zuwa 1946. A lokacin sojojin Tarayyar Sobiyet na arewacin ƙasar, aka kafa gwamnatin cin gashin kai a Tabriz, aka kafa jamhuriyar Kurdawa a Mahabad. Da Rashawa suka janye, duka biyun suka rushe cikin shekara guda, aka rataye shugaban ta Mahabad, Kazi Muhammad, a 1947. Tun daga nan, da wani ya ce harshen uwa, wani sai ya ji an ce ɓallewa. Kurdawa da Balucawa kuma nasu ya ninka, don da yawansu 'yan Sunna ne, ga yankunansu na kan iyaka, ga talauci, musamman Sistan da Balucistan.

Wani lokacin kuma gefen ne ke bai wa tsakiya murya. Mahsa Amini da ta rasu a hannun 'yan sanda ranar 16 ga Satumba 2022 Bakurdiya ce daga Sakkez, sunanta na gida Jina. Taken da aka yi ta rerawa, mace, rayuwa, 'yanci, da Kurdanci ya fara, kafin Tehran ta mai da shi Farisanci. A filin ƙwallo ma haka: ƙungiyar Tractor ta Tabriz, wadda magoya bayanta ke waƙa da Azeri, ita ta ɗauki kofin babbar gasar lig ta ƙasar a kakar 2024 zuwa 2025, karo na farko a tarihinta.

To yanzu, in ka haɗu da ɗan Iran, ya za ka yi? Kada ka fara da ƙabila, kada ka fara da mazhaba, balle gwamnati. Tambayi gari. Su kansu haka suke yi wa juna: "bacce kojayi", wato ɗan ina ne kai. In kana son ladabi ka ce "ahle koja hastid". Amsar za ta gaya maka sauran. In ya ce Tabriz ko Urmiya, ka san ƙila Turkanci ne a gida. In ya ce Isfahan kuma sunansa ya ƙare da "iyan", mai yiwuwa Ba'armeniye ne Kirista daga unguwar Julfa, irin waɗanda suka cika Glendale, can gabas da nan. In a Beverly Hills kuka haɗu, da yawa Yahudawan Iran ne, har ɗayansu, Jimmy Delshad, mutumin Shiraz, ya zama magajin garin a 2007.

Kurakurai uku ke ɓata hira. Na farko, ka kira Bafarishe Balarabe, ko da yake akwai Larabawan Iran na gaske a Ahwaz da Abadan. Na biyu, ka kira Tekun Fasha da sunan Larabawa. A kan wannan, mai son sarauta da mai son malamai, Bakurde da Ba'azeriye, kusan bakinsu ɗaya, kamar yadda suke haɗuwa a bikin Nowruz, sabuwar shekararsu, na 20 ko 21 ga Maris. Na uku, barkwanci. Za ka ji suna cewa mutumin Isfahan maƙo gare shi, na Shiraz ba ya son wahala, na Abadan cika baki. Kada ka ɗauka wasan Kanawa da Zage-zagi ne, inda kowa ya san ƙa'ida kuma kowa na ramawa. Barkwancin da ake yi wa Turkawa yana da zafi. A 2006 wani zanen barkwanci a jaridar gwamnati, mai nuna kyankyaso yana magana da Azeri, ya fito da dubban mutane kan titi a Tabriz da maƙwabtanta, har aka rasa rayuka. Kai baƙo, ka saurara kawai.

Ku ga tutar da ke cikin tagar nan, mai zaki da rana. Ta kafin juyin juya hali ce. A wannan titi ita za ka fi gani, amma kada ka auna duk Iraniyawan Amurka da Westwood.

Bari mu juya ga Amurkawa. Shi ma Ba'amurke in ka tambaye shi daga ina yake, sau da yawa jiharsa zai ambata, musamman mutumin Texas, wadda ta yi zaman ƙasa mai kanta daga 1836 zuwa 1845. Amma idan ya dubi Iran, dunƙule ɗaya yake gani. Kamfanin Gallup mai jin ra'ayin jama'a ya daɗe yana tambayar Amurkawa, kuma shekara da shekaru wajen takwas cikin goma ke cewa ba sa kallon Iran da kyau. Lura da tambayar: ƙasa aka ce, ba mutane ba, kuma wanda ke amsawa wataƙila likitan haƙorinsa ɗan Iran ne da ya sani a matsayin "Persian". Kun ga inda laimar ta yi ɓarna ke nan. Alherin maƙwabci yana tafiya asusun Farisa, laifin gwamnati yana tafiya asusun Iran.

Kowane ɓangare da shekarar da yake fara lissafi. Ba'amurke daga 1979 yake farawa. Ɗan Iran daga Agusta 1953, lokacin da hukumar CIA da ta leƙen asirin Ingila suka taimaka aka kifar da firaminista Mohammad Mosaddegh, abin da CIA ta amsa a takardunta a 2013. Sai ya ƙara da 3 ga Yuli 1988, ranar da jirgin ruwan yaƙin Amurka ya harbo jirgin fasinjan Iran, mutum 290 suka mutu. Yawancin Amurkawa ba su taɓa jin wannan ba. Amma akwai lissafin da ya girmi duka biyun. Howard Baskerville, malamin makaranta ɗan shekara 24 daga Nebraska, ya mutu a Tabriz a 1909 yana faɗa tare da masu neman tsarin mulki, kabarinsa na can har yau. A Tehran akwai babban titin da hukuma ta sake wa suna, amma direbobin tasi Jordan suke ce masa, sunan wani malami Ba'amurke, Samuel Jordan. A gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa, 'yan wasan Iran suka miƙa wa na Amurka fararen furanni, suka ɗauki hoto tare, sannan suka ci su biyu da ɗaya. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, matasa suka kunna kyandir a dandalin Mohseni na Tehran.

Abin da ke hana wannan kusanci yaɗuwa hanya ce babu. An yanke hulɗar jakadanci tun Afrilu 1980. Ɗan Iran mai neman bizar ƙaura zuwa Amurka sai ya fita wata ƙasa, Ankara ko Yerevan ko Abu Dhabi, don ganawa, ga dokar hana shiga da aka sa a 2017 aka kuma maimaita a Yuni 2025. Ba'amurke mai son yawon buɗe ido a Iran sai da ɗan rakiya mai izinin hukuma. Wanda ke da fasfo biyu kuma, Iran ba ta san na biyun ba, da ya sauka ɗan Iran ne kawai a idon doka, shi ya sa da yawa a nan suka shekara arba'in ba su leƙa gida ba.

Ga shagon ayis kirim ɗin da nake nema, mai za'afaran da ruwan wardi, da falude na Shiraz. Kafin in shiga, ga darasi na ƙarshe, don Amurkawa na yawan faɗawa ramin nan. Idan dattijo ne a kan kanta kuma ya ga ka gaishe shi da harshensa, in ka miƙa kuɗi yana iya cewa "gabel nadare", wato bai kai a biya ba. Ba kyauta ya yi maka ba, ta'arof ne, kara ce irin tasu. Ka ce "khahesh mikonam", wato don Allah, ka sake miƙawa. In ya ƙi, ka sake. A karo na biyu ko na uku zai faɗi farashi ya karɓa. Bari in kashe kyamarar in tambaye shi ɗan ina ne.