Amsoshin Tambayoyinku: Shin Kia ta cancanci baƙin jinin da ta yi?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙar farko ta fito ne daga wani malamin firamare a wani ƙauye kusa da Ringim. Ya ce ya kwashi adashi, ya haɗa da kuɗin riɗin da ya sayar, ya ga Kia Rio ta hannu wadda kuɗinsa za su kai. Amma duk wanda ya tunkara da maganar sai ya ce masa kada ya jefa kuɗinsa a rijiya. Yana tambaya, motar ce ba ta da kirki, ko kuwa baƙin jini ne kawai?

To Malam, ruwa ba ya tsami banza. Kia kamfanin Koriya ta Kudu ne da aka kafa a 1944, kuma da kayan keke ya soma. Motocin da ya riƙa fitarwa a shekarun 1990, irin su Sephia, araha ce kaɗai abin tallarsu. A 1997 kamfanin ya durƙushe lokacin da tattalin arzikin ƙasashen Asiya ya shiga rikici, sai Hyundai ta saye shi a 1998. Waɗancan motocin ne suka ɓata sunan, mutanenmu kuma ba sa mantawa da abin da ya taɓa cin kuɗinsu.

Sai dai Kiyar da aka ƙera bayan nan daban take. A Amurka kamfanin yana bai wa wanda ya sayi sabuwa garantin shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya, a Turai kuma shekara 7. Wanda bai yarda da kayansa ba ba ya ɗaukar irin wannan alkawari, domin shi zai biya kuɗin gyaran. A 2016 ma Kia ce ta zo ta ɗaya a binciken da kamfanin bincike na J.D. Power ke yi kan ingancin sababbin motoci a Amurka.

Akwai inda laifin nasu ne, ba zan ɓoye maka ba. Injin da ake kira Theta II, mai lita 2.0 da 2.4, wanda ke cikin Optima da Sorento da Sportage na tsakanin 2011 da 2014, ya ba mutane wahala. Ɓurɓushin ƙarfe ne ya saura a cikinsa tun daga masana'anta, yana toshe hanyar baƙin mai har injin ya buga. A 2017 aka yi kiranyen motocin domin gyara, a 2020 kuma hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ci Hyundai da Kia tarar dala miliyan 210 saboda jan ƙafa. Irin waɗannan motocin suna shigo mana a matsayin 'yan Kwatano, ba ka san wadda aka gyara da wadda ba a gyara ba. Rio ɗinka ba ta cikinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke riƙe su a nan. Ran wata kasuwa na tsaya a wani gareji a gindin darbejiya, na tarar an buɗe wata Rio, mai ita yana tsaye yana tsine wa Koriya. Na leƙa lagireto, ruwan rijiya ne ya yi ja wur da tsatsa. An haɗa wayar fanka kai tsaye da makulli. Matatar iska kuwa da bakanike ya buga ta a jikin taya, ƙurar da ta tashi sai da muka ja da baya. Baƙin man da ke ciki na awo ne, wanda ake sayarwa a kwalba a bakin titi. Tsohuwar 504 za ta iya haƙuri da wannan, ƙaramin inji na zamani ba zai iya ba. Kuma idan ya mutu, ba wanda zai ce mai ne, sai a ce ai dama Kia ce.

Gaskiyar da masu hana ka suke da ita tana wajen kayan gyara. Ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka nemi kayan Corolla ko Golf, kafin ka rufe baki an kawo maka iri uku. Na Kia akwai, amma sai ka zagaya, kuma a garinku da wuya ka samu, sai ka yi aike Kano motar na ajiye kwana biyu. Ranar da ka tashi sayarwa kuma dillalai za su taya ta da arha, yadda kai ma ka same ta da arha.

Idan za ka saya, ka tafi da bakaniken da ya saba da Hyundai, don kayan cikinsu da yawa ɗaya ne. A tayar da ita da sassafe injin na sanyi, ku kasa kunne. A sa mata kwamfutar da ke gano matsalar mota. Idan ta kafin 2012 ce, ka canza bel ɗin taimin kafin ka fara yawo, domin in ya tsinke kana tafe yana iya lanƙwasa bawul. Ka kuma rage wani abu a kuɗin adashin nan saboda taya da ƙafafu.

Wasiƙa ta biyu daga wani direba ce a Kafin Hausa, yana so ya sa Picanto a haya zuwa Haɗejia saboda tsadar fetur tun da aka cire tallafi a 2023. Ɗan'uwa, ba ta shan mai, wannan haka yake. Amma mota ce ƙarama mai gajeren ciki, an yi ta ne don mutum huɗu ko biyar a kan kwalta. Ka loda mata fasinja shida da buhun shinkafa biyu, ka shiga da ita yashi ko taɓon damina, abin da ka rage a gidan mai za ka kai wa mai walda. Ka nemi Golf ko Sharon, ko da za ka ƙara jiran kakar bana.