Inna ta sake tambayata yaushe zan dawo

Assalamu alaikum, mutanen Argungu ina gaisuwa. In kun ga hoton yana rawa, hannuna ne, sanyin Montreal ba ya wasa. Ginin dutsen da ke bayana cibiyar binciken ƙwaƙwalwa ce ta Jami'ar McGill, kuma kakata Inna ce ta sa na tako har nan.

Jiya mun yi waya da Inna. Kafin mu yi sallama sau huɗu ta ce, "Yaushe za ka dawo?" In amsa, ta sa albarka, jim kaɗan ta sake. Amma ka taɓo mata kamun kifi a Matan Fada zamanin tana budurwa, sai ta zayyano maka wanda ya faɗa ruwa da gora da homa, har abin da aka dafa ranar.

A wannan cibiyar Brenda Milner, masaniyar ƙwaƙwalwa, ta yi aikinta. A 1953, a Hartford ta Amurka, an yi wa wani mai suna Henry Molaison tiyata saboda farfaɗiya, yana da shekara 27. Aka cire masa yawancin wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfas, hagu da dama. Farfaɗiya ta lafa, amma sabon abu ya daina zama a kansa. Shekara da shekaru Milner na zuwa wajensa, kullum baƙuwa ce. Labarin yarintarsa kuwa yana nan daram. Wanda ya fi taɓa ni: ta sa shi bin zanen tauraro yana kallon madubi, kwana uku, hannu ya goge, shi kuwa bai tuna ya taɓa gwadawa ba.

Ni yadda na gane shi, hifokamfas masussuka ce. Abin da ka gani yau can ake fara zube shi, a hankali a kwashe zuwa rumbu, wato ɓawon ƙwaƙwalwa, kuma barci na da babban hannu a kwasar. Cutar Alzayma, mai kawo mantuwa, galibi ta wannan yankin take fara ci, shi ya sa tsohon hatsi ke nan, sabo ba ya isa rumbu.

Yaya, na san kuna kallo, kuma ku ke fama da Inna dare da rana. Don Allah a daina ce mata "ai yanzu na gaya miki." Kunya kawai take ji. A kai ta likita ya duba, don akwai mantuwar da magani ke gyarawa. Anjima bayan la'asar ɗinku zan kira, a ba ta wayar. Bayan Babbar Sallah ne, Inna, in Allah ya yarda.